Kingani da Liemba: jiragen Kigoma biyu da ake gwama labarinsu

Wani Alhaji daga Daura ya aiko da tambaya. Ya ce a aikin Hajjin da ya gabata ya haɗu da wani dattijo mutumin Kigoma ta ƙasar Tanzaniya a Masallacin Madina, dattijon ya ba shi labarin wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa na Jamusawa da ya nutse a tasharsu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka tsamo shi bayan shekaru, ya ci gaba da ɗaukar fasinja har zamanin jikoki. Da ya dawo gida ya maimaita labarin, sai ɗansa da ya karanta tarihi ya ce ai wancan ƙaramin jirgin nutsar da shi aka yi, kuma bai sake fitowa ba. Alhaji yana son ya san wanda ya fi gaskiya tsakanin dattijon da ɗan nasa.

Alhaji, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, sai dai jirage biyu ne aka gwama labarinsu ya zama ɗaya, kuma gwamawar tana da dalili, domin kamfani ɗaya ya ƙera su, tuta ɗaya suka fara ɗauka, tasha ɗaya suka zauna, kuma a shekara ɗaya aka yanke wa kowannensu hukunci. Wanda aka tsamo ya ci gaba da aiki babban jirgi ne, tsawonsa kusan mita 70, Jamusawa suka sa masa suna Graf von Götzen, daga baya Turawan Ingila suka mayar da shi Liemba. Ƙaramin kuwa, wanda ɗanka yake nufi, sunansa Kingani, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin labarin babban kowa a Kigoma zai ba ka shi, na ƙaramin ne ake tsallakewa.

Kafin a shiga labarin jirgin, ya kamata a san irin ruwan da ake magana a kai. Mu da babban ruwanmu shi ne dam ɗin Zobe ko na Jibiya ko na Sabke, in an ce tafki sai mu ƙiyasta abin da ake hango ɗaya gaɓarsa. Tafkin Tanganyika ya kai kilomita 670 a tsawo, wato ya fi tafiyar Katsina zuwa Abuja, zurfinsa kuma ya kai mita 1,470 a inda ya fi zurfi, babu tafkin da ya fi shi zurfi a duniya sai Baikal na ƙasar Rasha. Ƙasashe huɗu ne suke kewaye da shi a yau: Tanzaniya, Kwango, Burundi da Zambiya. Duwatsu ne suka tsare shi gabas da yamma, iska takan gangaro daga kansu ba sallama ta tayar da igiyar ruwa irin ta teku, saboda haka wurin da jirgi zai fake yana da daraja ƙwarai. Kigoma tana cikin wani lungu da ƙasa ta rungume ruwa, shi ya sa Jamusawa suka bar tsohon garin fatauci na Ujiji da ke kusa, suka kai layin dogonsu can. Layin ya taso daga Darussalam, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,250, ya isa Kigoma a farkon 1914, shekaru uku bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, watanni kaɗan kuma kafin yaƙi ya ɓarke.

Shi Kingani ba don tafki aka ƙera shi ba, balle don yaƙi. An ƙera shi a 1894 a garin Papenburg na arewacin Jamus, a masana'antar Meyer, tare da ɗan'uwansa Wami, aka sa musu sunayen koguna biyu da ke zuba cikin tekun Indiya a yankin Bagamoyo. Tsawonsa wajen mita 17 ne, kusan tsawon tirela guda, nauyinsa tan 45, wato nauyin buhun siminti 900. Aikinsa na kwastan ne: ya bi gaɓar teku yana leƙa bakunan koguna, yana tare jiragen 'yan fasa-ƙwauri, yana kai jami'ai da saƙonni daga wannan tasha zuwa waccan. Mutumin Daura ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan sana'a, domin ita ce ta motar sintiri a hanyar Kwangwalam, sai dai wannan a kan ruwa take. Injinsa na tururi ne, akwai tukunyar ƙarfe da ake hura wa wuta, ruwan ciki ya tafasa, tururin ya tura injin, injin ya juya farfela. Irin wannan jirgi rayuwarsa tana hannun mutanen da ke tsaye gaban tukunya cikin zafi suna zuba makamashi, da wanda ke lura da ruwan tukunyar kada ya ƙafe, kuma mafi yawan masu wannan aiki 'yan ƙasa ne. Shekara ashirin ya yi yana wannan zirga-zirga, wato kashi biyu cikin uku na dukkan rayuwarsa, amma littattafan tarihi sukan gama da ita a layi ɗaya, su wuce zuwa mintunan da aka yi harbi.

Da yaƙi ya tashi a watan Agusta na 1914, Jamusawa suka nutsar da jirginsu na awon teku mai suna Möwe a tashar Darussalam, suka kwashe bindigoginsa da ma'aikatansa suka tura su Kigoma ƙarƙashin kwamandansa Gustav Zimmer. A tafkin suna da jirgi guda mai tan 60, Hedwig von Wissmann, wanda yake can tun 1900. Suka ɗora masa bindigogi, kuma cikin 'yan watanni suka lalata Alexandre Delcommune, jirgin tururin da 'yan Beljiyam masu mulkin Kwango suke taƙama da shi. Kafin shekarar ta ƙare suka ɗauko Kingani daga bakin teku, suka ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Kigoma, suka kafa masa ƙaramar igwa a goshi. In babu uwa akan yi uwar ɗaki, jirgin kwastan ya zama jirgin yaƙi. Amma yadda aka kafa igwar yana da aibi babba: gaba kawai take iya harbi, duk wanda ya biyo jirgin ta baya ko ta gefe ya tsira daga gare ta. Duk da haka jiragen nan biyu sun ishi Jamusawa mallakar tafkin, domin babu mai ja da su, kuma mai tafki yana iya kai soja cikin kwana ɗaya ko biyu inda abokin gaba zai yi makonni yana tafiya a ƙasa da 'yan dako.

Abin da Ingila ta yi don karya wannan iko sananne ne, zan taƙaita shi. Wani maharbin giwaye mai suna John Lee ya kai shawara Landan cewa a kawo ƙananan jirage masu gudu ta ƙasa. Aka samo jirage biyu na katako masu injin fetur, kowanne tsawon mita 12, aka sa musu suna Mimi da Toutou, aka damƙa su ga wani hafsa mai suna Geoffrey Spicer-Simson da mutane ƙasa da 30. Suka bar Ingila a watan Yuni na 1915, suka sauka Cape Town, suka hau jirgin ƙasa har ƙarshen layi a Fungurume ta lardin Katanga a Kwango, daga nan aka ja jiragen fiye da kilomita 200 ta cikin daji da duwatsun Mitumba da taraktocin tururi da shanu da ƙarfin ɗaruruwan lebura 'yan ƙasa, aka bi kogin Lualaba zuwa Kabalo, aka sake hawa jirgin ƙasa zuwa bakin tafki a ƙarshen Oktoba.

A nan ne batun tasha ya shigo, kuma shi ne abin da masu ba da labarin sukan yi wa gaggawa. Gaɓar yamma da suka sauka, wajen da garin Kalemie yake a yau, ba ta da mafaka irin ta Kigoma. Jirgin katako da aka ɗaure a fili, dare ɗaya na iska ya isa ya farfasa shi a kan duwatsu. Saboda haka ba a jefa jiragen a ruwa nan take ba, sai da aka yi makonni ana fasa dutse ana zubawa cikin tafki, aka gina katanga mai karya igiyar ruwa, aka sami ɗan wurin fakewa. Jamusawa sun lura ana wani aiki a wurin, Kingani ne kuma ake turowa leƙen asiri. A farkon Disamba kwamandansa, Rosenthal, ya yi iyo da dare zuwa gaɓa don ya gani da idonsa, ya ga jiragen biyu, amma aka kama shi kafin ya koma, labarin bai isa Kigoma ba. Ita wannan katangar da aka gina don Mimi da Toutou, ita ce daga baya ta ceci Kingani.

Ranar Lahadi 26 ga Disamba 1915, da safe, Turawan suna tsakiyar addu'arsu ta Lahadi aka hango Kingani yana tafe, sabon kwamanda mai suna Junge yana jan sa. Spicer-Simson ya bari sai da ya wuce, don ya shiga tsakaninsa da hanyar gida, sannan ya saki jiragensa biyu. Sun fi shi gudu nesa ba kusa ba, kuma suka biyo shi ta inda igwarsa ba ta kaiwa, ya zama dole ya riƙa juyawa kafin ya yi harbi. Artabun bai wuce minti goma sha ɗaya ba. Harsashi ya huda garkuwar igwar ya kashe Junge da mutum biyu da ke tare da shi, wani ya huda jikin jirgin ruwa ya fara shiga, waɗanda suka rage suka sauke tuta. Aka lallaɓo shi zuwa sabuwar tashar yana shan ruwa, aka tura shi inda ba zurfi, ya zauna a ƙasa.

Wannan ita ce nutsewarsa ta farko, kuma ita ce ta sa labarinsa ya yi kama da wanda dattijon ya ba ka. Jirgin da ya zauna a cikin tasha, a ruwan da mutum zai iya nutso ya taɓa ƙasa, ba a lissafa shi cikin ɓatattu. Aikin da ake yi masa sananne ne ga duk mai sana'ar ruwa: a nemo inda ya ɓule, a toshe daga waje da katako da tamfol ko farantin ƙarfe, a zuƙe ruwan ciki da famfo har ya ɗago da kansa, a ja shi gaɓa a yi masa facin gaske da ƙusoshin ƙarfe. Injin tururi kuma yana da haƙurin da injin zamani ba shi da shi, domin babu waya ko batir da ruwa zai lalata, ƙarfe ne da tagulla, in an wanke an busar an shafa mai sai ya tashi. Ruwan tafki kuma ba ya cin ƙarfe da sauri kamar ruwan gishiri. Abin da ke kashe jirgi a tasha yawanci sakaci ne, ba rauni ba. Na taɓa ganin haka a wani dam ɗinmu na nan jihar, inda wani jirgi mai inji da aka sayo da kuɗi masu yawa ya nutse a inda aka ɗaure shi, ba iska ba karo, ruwan damina ne kawai ya taru a ciki babu mai kwarfewa, alhali kwale-kwalen masunta da ke gefensa, wanda mai shi yake zuwa kullum da ƙwarya, yana nan yana aiki. Kingani ya faɗa hannun mutanen da suke matuƙar buƙatarsa, shi ya sa cikin 'yan makonni ya koma ruwa da sabon suna, Fifi.

Sabbin masu shi suka ɗora masa igwar da ta fi ƙarfinsa, wadda aka ciro daga gaɓa, mai harsashin laba 12. In an harba ta, ƙarfin komawarta baya yakan kusan tsayar da jirgin cak. A ganina wannan shi ne cin zalin da ya fi yi masa illa, fiye da harsashin da ya huda shi, domin jikin da aka ƙera don sintirin kwastan ba zai jure irin wannan jijjiga ba tare da ƙusoshinsa sun saki ba. Amma igwar ta yi abin da aka kafa ta dominsa. Ranar 9 ga Fabrairu 1916 Hedwig von Wissmann ya fito neman labarin Kingani da ya ɓace musu, aka bi shi na sa'o'i, Mimi yana tsokanarsa yana rage masa gudu har Fifi ya matso, harsashin Fifi ya faɗa ɗakin injinsa, ma'aikatansa suka sa masa nakiya suka bar shi ya nutse. Jirgin da ya yi sama da shekara yana aiki kafaɗa da kafaɗa da shi, shi ne ya kashe shi. A cikin wannan watan ne kuma, a nan kusa da mu, Jamusawan da ke kan dutsen Mora a arewacin Kamaru suka miƙa wuya ga sojojin da yawancinsu 'yan Arewa ne, kuma kafin shekarar ta ƙare aka kwashi rundunar Nijeriya ta teku zuwa Darussalam. Yaƙin ba nesa da gidajenmu yake ba kamar yadda sunayen suke nunawa.

Yanzu sai babban jirgin, wanda dattijon Kigoma ya ba ka labarinsa. Shi ma a Papenburg aka ƙera shi, a 1913, aka kwance shi aka zuba a akwatuna wajen 5,000, aka kawo ta teku da jirgin ƙasa, aka harhaɗa shi a Kigoma, ya shiga ruwa a watan Fabrairu na 1915. Spicer-Simson bai taɓa yarda ya tunkare shi ba. Da sojojin Beljiyam suka matso ta ƙasa, jiragen samansu kuma suka fara jefa bam a tashar, Zimmer ya ba da umurni a nutsar da shi, aka yi haka ranar 26 ga Yuli 1916 a wani lungu kusa da Kigoma, a zurfin kusan mita 20. Wami, ɗan'uwan Kingani da aka kawo tafkin daga baya, shi ma mutanensa suka nutsar da shi a cikin kwanakin nan. 'Yan Beljiyam suka ɗago babban jirgin a 1918 suka ja shi cikin tasha, amma bai tashi sosai ba, kuma a 1920 guguwa ta sake kifar da shi a inda yake ɗaure. A 1921, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin Hajji, Kigoma ta koma hannun Ingila, su kuma suka ɗauki aikin daga farko, suka yi fiye da shekara suna fama, suka tsamo shi a watan Maris na 1924. Aka tarar injinsa bai lalace ba, aka gyara shi, ya koma aiki a 1927 da sunan Liemba. Daga baya aka canza masa inji zuwa na dizal, ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin Kigoma da Mpulungu ta Zambiya, ya kwashi 'yan gudun hijirar Kwango a 1997 da na Burundi a 2015. Ka ga dattijon bai ƙara gishiri ba, girman jirgin kawai ya rage.

Shi kuwa Fifi, da yaƙi ya ƙare aka cire masa igwa, ya koma irin aikin da aka ƙera shi dominsa. Ya zama jirgin gwamnati a Kigoma, tashar da ya bari kafin a kama shi, yana fito da fasinja da kaya zuwa garuruwan bakin tafki. A 1924 aka duba shi aka ce bai cancanci hawa ruwa ba. Yana da shekara talatin, ya sha ruwan gishiri shekara ashirin, an ɗora shi a jirgin ƙasa, an huda shi, ya nutse, an yi masa faci, an jijjiga shi da igwar da ba tasa ba.

Lissafin da hukuma take yi a irin wannan hali ba ɓoyayye ba ne. Canza farantan jiki da tukunyar tsohon jirgi mai tan 45, a wurin da kowace ƙusa sai an kawo ta daga Turai ta bi layin dogo na kilomita 1,250, zai ci kuɗin da ya kusa na sabo, abin da zai ɗauka kuma bai kai kason da babban jirgin zai ɗauka a sahu ɗaya ba. Babban ya cancanci masu nutso da famfuna da aikin shekaru, saboda babu yadda za a sami madadinsa sai an sake ƙera wani a Turai an sake kawo akwatuna dubbai. Ƙaramin a 1915 ya cancanci a tsamo shi saboda a ranar babu wani, a 1924 kuma wanin yana nan tsaye a tasha ana kankare masa laka. Yanka shi a sayar da ƙarfen ma ba riba, domin babu masana'antar narka ƙarfe a kusa, barin sa a ɗaure kuma haɗari ne, tunda sun ga abin da guguwar 1920 ta yi, kuma gawar jirgi a cikin ƙaramar tasha tana tare wa masu rai hanya. Saboda haka ba a bari ya nutse a tashar ba. A watan Oktoba na 1924, watanni bakwai bayan an tsamo babban, aka ɗaura wa Fifi igiya aka ja shi daga Kigoma zuwa inda ruwa yake da zurfi, aka nutsar da shi da gangan. Wannan ita ce nutsewar da ɗanka yake nufi, Alhaji, kuma daga ita bai sake fitowa ba.